Ɗan Kwanon Bawa Mai Albasa

Duk wanda ya san Bawa Mai Albasa a Argungu ya san ɗan kwanonsa. Ƙarami ne, irin na yara, kullum yana aljihun babbar rigarsa. Suna ne, ɗaurin aure ne, da an ajiye tiren tuwon shinkafa maza sun kewaye, sai ka ji ƙwal! Bawa ya zaro abinsa. Ya gutsuri rabin malmala, ya cika sauran wurin da miyar ganye, ya ja gefe.

Tun da likita a Birnin Kebbi ya ce ciwon suga gare shi ya tsiri wannan. Ni kuwa taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, tsokanarsa halal ce gare ni.

Na ce, "Bawa, wanga abincin mutum ne ko na kaza?"

Ya ce, "Likita ya ce kwatancin dunƙulen hannuna. Allah ya yi ni da ƙaramin hannu, Garba. Da wa za ni faɗa?"

A teburin Sani mai shayi ma haka. Shayi ba suga, amma fa sai an ƙulle masa sugan nasa a leda, wai ai haƙƙinsa ne. Ya tara, ya tara, ranar Sallah ya kai wa Sani a matsayin goron Sallah. Sani ya karɓi sugansa da hannu biyu, har da godiya!

In ya je ganin likita, daga tasha da ƙafa yake tafiya asibiti, don an ce ya riƙa motsa jiki. Wani ɗan kabu-kabu ya tausaya masa, ya bi shi a hankali.

"Baba, hau mana, kyauta ne."

"Ɗana, wuce. Ni ma aiki nike."

Mun sha dariya. Ni dai ban san inda wasa ke tsayawa ba.

Kun san mu, wanda ya ƙi sa hannu a kwano ɗaya da 'yan'uwansa, cewa ake yana zargin an zuba masa wani abu. Ranar sunan jikana, surukaina na Gwadangaji sun cika zaure, Bawa ya zaro kwano. Sai na ɗaga murya na ce, "Ku yi haƙuri da shi, tsoron sammu shikai. Ko gidan ɗan'uwansa bai yarda da shi ba."

Ba wanda ya yi dariya. Wani tsoho cikin baƙin ya janye hannunsa daga tire. Bawa ya dube ni, ya mayar da kwanon aljihu, ya matso. Ya ci tuwo sosai, ya sha fura mai suga da aka miƙo, ya ce an gode.

Daga ranar bai ƙara fito da shi ba. Abin da aka ci, shi zai ci. Ko ƙwayar maganinsa ya daina sha gaban mutane, in taro ya yi tsawo sai ta wuce shi. Ni kuwa ina yawo ina cewa na warkar da Bawa. Ina gani yana ta ɗirkar ruwa, yana tashi fitsari a kai a kai, yana ramewa, na ce zafin gari ne.

Sai ƙaya ta soke shi a fadama, bai ko ji ba, don ciwon ya sa ƙafar ta daina ji. Miki ya ƙi warkewa. Aka kai shi Birnin Kebbi, aka yanke yatsa guda.

Matarsa Kulu ta same ni bakin ɗakin da aka kwantar da shi. Ta gaishe ni yadda ta saba, ta tambayi mutanen gida. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na kasa shiga.

Sai na ji muryarsa daga ciki: "Wa ke nan tsaye awa sabon suruki? Shigo!"

Na shiga, na durƙusa, na fara, "Bawa, don Allah..."

Ya ce, "Tsaya. Taubashi kan ƙwace hula, shi kan ƙwace takalmi. Kai yatsa ka ƙwace. To, saura tara, kuma waɗannan ba na wasa ba ne."

Majinyata suka kwashe da dariya, har wanda ake yi wa ƙarin ruwa. Ni kaɗai na kasa.

Ya koma kan dokar likitansa, ya rayu shekaru da taran nan cif, da su muka kai shi makwancinsa. Allah ka jiƙan Bawa, ka shayar da shi daga abin da ba ya cutarwa. Ni kuma ka yafe mini wannan bakin, kamar yadda ya yafe tun ban gama roƙo ba. Amin.