Jemar da Baba ya bari a bakin tafki

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifinmu, wanda mutanen ƙauyenmu na ƙasar Ngaski suka fi sani da Mai Goɗiya. Na daɗe ina so in rubuta wani abu a kansa ina fasawa. Bana ne, da filin da ya bari ya kusa sauya kama, na ga idan ban rubuta ba wataƙila ba abin da zai rage in nuna wa jikokinsa.

Filin ba wani babba ba ne. Ya gangaro daga bayan gidanmu har bakin tafkin Kainji, kuma a nan Baba ya riƙe farar goɗiyarsa da 'yarta. Ba shi da sarauta, ba shi da dukiya, son doki ne kawai Allah ya ɗora masa. Kullum da safe sai ya tuge turke ya kafa a wani wurin, don kada kofato ya daɓe ƙasa ciyawa ta ƙi fitowa. In wannan gefen na kiwo, wancan na hutawa, ko an zuba masa wake saboda harawa. Kashin dokin ma a rami yake tara shi da toka har ya ruɓe, kafin damina a kwashe a watsa.

Abin da ya ja masa dariya shi ne shayarwa. Ga tafki shimfiɗe iya ganinka, ga goɗiya tana kallonsa, amma bai taɓa jan ta zuwa gaɓa ba. Shi zai sauka ta wata siririyar hanya da ya jera wa duwatsu, ya ɗebo a bokiti, ya hauro yana haki. Tsakanin filin da ruwa ya dasa layin jema, ciyawar nan mai dogayen saiwoyi masu riƙe ƙasa, ya hana kowa taɓa ta, har Inna da ke son ta don ɗinkin faifai. Masunta in sun gifta a jirgi sukan ɗaga murya: "Mai Goɗiya, amaryar taka ba ta taka laka na?" Sai ya yi murmushi ya ci gaba da hawa.

Wata rana na tambaye shi dalili. Ya nuna tsakiyar tafkin da haɓa, wajen tsibirin da aka tashe su yana yaro, lokacin da aka datse kogi. Ya ce, "Can anka haihe ni, ɗiyata. Ruwa ya ci mu sau guda. Ba ni aza mishi akushi da hannuna."

Tun daga ranar, in la'asar ta yi sanyi ruwan ya kwanta luf, sai in riƙa ganin ƙauyen yana nan a ƙarƙashi yadda aka bar shi. Rumbuna a tsaye, kifi na shiga ta ƙofar ɗaki yana fita ta taga, kakata da ban taɓa gani ba tana shanyar albasa a tsakar gida. Har yau da furfurata, in na taso daga Yelwa inda nake koyarwa na zauna a wurin, haka nake gani. Wani lokaci har da Baba a cikinsu, ya koma yaro, yana gudu tsakanin rumbunan. Kewarsa takan kama ni sosai a irin wannan zaman.

Me zai ce da zai leƙo yau? Injinan ban ruwa na ta ƙugi, maƙwabta sun fesa maganin ciyawa sun nome har bakin ruwa. Duk shekara in tafki ya cika sai ya yagi rabonsa daga gaɓarsu. Mangwaron maƙwabcinmu na hagu saiwarsa a waje take yanzu, ya karkata yana jiran ranarsa. Tamu gaɓar ce kaɗai ba ta motsa ba. Ba na jin zai yi wa kowa faɗa, ba halinsa ba ne. Zai dai ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Bara 'yar goɗiyar ta mutu da tsufanta, turke ya zama ba kowa. Ƙanena Garba, wanda filin ke hannunsa, ya ce tunda babu doki zai nome wurin duka, har jemar, ya sa albasa, don ƙasar nan ta fi ko'ina laima. Raina ya ɓaci, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni albashi nake ci, shi ƙasa yake ci, ga iyali. Ban ga bakin hana shi ba.

Bana, ranar huɗa, na je in yi wa wurin kallon ƙarshe. Yana riƙe da garma, shanu na ja, kunya bayan kunya yana gangarowa. Da ya zo gab da jemar sai ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, sannan ya juya shanun ya nufi tudu.

Na ce, "Garba, lafiya?"

Ya ce, "Yaya, shanun na sunka ƙiya."

Shanun da ke ta fizgar igiya suna son kai baki ga ɗanyen toho! Ban ƙaryata shi ba, shi ma bai yarda mun haɗa ido ba.

Baba bai bar gini ba, dawakinsa ma sun bi shi. Ban kuma san ko baɗi Garba zai iya sake tsayawa ba, domin bakunan da yake ciyarwa ƙaruwa suke yi. Amma bana dai na gani da idona, mutumin da ya daɗe a ƙasa ya riƙe hannun ɗansa a kan garma. Allah ya kai haske kabarinsa. Ni kam hawaye na yi ta sharewa a mota har Yelwa.