Garkar Nomau a Ƙasar Matattu

Nomau mai facin taya mutumin Dabaga ne. A garkar mahaifinsa ya buɗe ido, cikin albasa da tumatir da rumman, yana bin raƙumi mai jan guga daga bakin rijiya zuwa ƙarshen hanya, ya juyo da shi. Wata damina ruwa ya sauko daga duwatsu da ƙarfin da ba a saba gani ba, ya cinye gaɓar garkar, ya cike rijiyar da yashi, ya tafi da shinge. Tsohon bai daɗe ba bayan wannan ya rasu. Nomau ya shigo Agadas da matarsa Zuwaira, ya kafa rumfa a bakin hanya kusa da inda manyan motoci ke tsayawa, ya koyi cire taya da liƙa ta.

Ƙato ne, hannuwansa kamar faranti, amma ko kaza ba ya iya yankawa. In an sayo kaza a gidan, sai Zuwaira ta leƙa maƙwabta neman mai wuƙa, tana yi masa dariya. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Direbobi sukan zage shi in aiki ya yi jinkiri, shi kuwa sai ya ce su yi haƙuri.

Wanda ya kawo masa wani wasan waya na matattu abokinsa ne Alkasum, ɗan kabu-kabu mai haya da babur, mai yawan surutu, wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya ji faransanci. A rumfar Nomau yake fakewa daga rana, a nan yake sa wayarsa caji. Wata rana ya karɓi wayar Nomau ya zuba masa wasan, ya ce:

“Yaya Nomau, duniya ce guda. Cuta ta kashe mutane, gawarwakin sun tashi suna cin masu rai. Ba wanda zai ce maka bi nan ko bi can. Ka nemi ruwa, ka nemi abinci, kar a cinye ka. Shi ke nan.”

A cikin wasan, Nomau ya tsinci kansa a bakin wani teku, ba takalmi, ba komai a hannu. Bai yi nisa ba wata mata ta fito daga bayan mota, muƙamuƙinta na ƙasa a rataye, tana gurnani. Ya tsaya yana kallonta. Ta faɗo masa, ta kafa haƙora a wuyansa, allon wayar ya yi jawur. Nomau ya yar da wayar a kan tsohuwar taya yana salati, Alkasum kuwa har da riƙe ciki don dariya.

Amma da yamma sai ga shi ya sake ɗauka. A hankali ya gane abin da ke riƙe mutane a ciki. Yana iya miƙe hanya ya yi ta tafiya, ba shinge, ba mai tambayarsa takarda. Ga dazuzzuka kore shar, ga ruwan sama da ke sauka ba ya ɓarna. Yana shiga gidan da ya ga dama ya buɗe kowace ƙofa. Ya tsinci gatari. Ranar da ya fara sara, gatarin ya nutse a tsakiyar kan wani mataccen ɗan sanda, ƙwaƙwalwa ta fantsama a bango, gawar ta durƙusa tana karkarwa. Hannun Nomau na gaske ya yi gumi. Ya ji tsoro, ya kuma ji wani abu mai daɗi da bai san sunansa ba. Daga nan ya koyi sare ƙafafu kafin kai, ya koyi jefa kwalba nesa don ƙarar ta janye su, ya koyi cewa harbin bindiga yana tara su kamar ƙudaje.

Wasan yana da nasa halin banza. Rezo, wato layin sadarwa, yakan ɗauke a tsakiyar faɗa, hoto ya daskare, in ya dawo sai ya tarar ana yagar cikinsa. Wayar takan yi zafi har ta gagara riƙewa. Wani lokaci matacce ya maƙale a cikin bango ya cije shi ta wurin da bai kamata hannu ya wuce ba. In kuwa ka mutu, komai ya tafi: gatari, jaka, takalmi, sai ka koma bakin teku tsirara. Mafi muni, duniyar ba ta tsayawa don ka kashe waya. Kana sallah tana tafiya, kana barci tana tafiya, domin wasu mutane na gaske daga garuruwa daban-daban suna cikinta tare da kai.

Rayuwarsa a wasan ta canja ranar da ya tarar da ƙunshin iri a wani kango. Ya bar yawo. Ya nemi wani kwari a bakin kogi, nesa da garuruwan da matattu suka cika, ya sare itatuwa ya kafa shinge da bukka, ya girka tankin ruwa, ya yi kunyoyi, ya shuka kabewa da dankali da tumatir. Ya kafa itatuwa masu tsini a kewaye, kullum da safe sai ya tarar da matattu biyu ko uku sun soke kansu suna wutsil-wutsil, ya bi su da gatari ya gama da su, ya ja gawarwakin nesa, ya dawo ya yi ban ruwa. Kogin ba ya ƙafewa, ba ya kuma ambaliya.

Alkasum da abokansa na fada, inda samari ke taruwa shan shayi, suka yi ta yi masa tsiya.

“An ba ka duniya guda, ka koma noma! Zo mu je mu fasa barikin soja, akwai bindigogi.”

“Ku je,” in ji Nomau. “Tumatir ɗina ya kusa nuna.”

Zuwaira ba ta ga abin dariya ba. Tana yi masa magana yana amsawa da kai, tuwo yana hucewa a gabansa. Ta ce masa: “Maigida, ko ganye ɗaya ban taɓa gani daga wannan garka taka ba, ga shi ta ɗauke mini kai.” Ya yi murmushi, idonsa na kan allo.

Ran wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya buɗe wayar ya ga hayaƙi. An fasa shingen da mota. Wani mutum mai jar hula da ƙyalle a fuska yana zuba mai a kan kunyoyin. Kafin Nomau ya ɗaga gatari, an harbe shi a gwiwa ya faɗi. Mai jar hula ya ɗaure masa hannuwa ta baya, ya ɗauki gatarin nasa ya karya masa ɗaya ƙafar, ya kunna wuta. Sannan ya harba bindiga sama, ya hau rufin bukka ya zauna yana kallo. Ƙarar ta kira matattu daga daji. Suka shigo ta inda aka fasa, wasu wuta na ci a jikinsu, suka rufe Nomau. Yana ji ta lasifikar wayar ana tauna shi. Mai jar hula yana rawa a kan rufi.

Daga ranar Nomau bai sake shuka komai ba. Ya samo bindiga, ya koma farautar masu rai. Yakan laɓe a bakin teku inda sababbin 'yan wasa ke fitowa ba komai a hannunsu, ya harbe su a ciki ya bar su suna jan jiki. Wani ya ɗaga hannu yana roƙo da wani yare, Nomau ya fasa masa kai da shebur. Duk mai jan abu a ka, sai ya bi shi har ya kashe. Idonsa ya yi ja, ya fara yi wa direbobi tsawa. Zuwaira ta daina yi masa wasa.

Wata ranar da zafi ya yi tsanani, bayan azahar, Alkasum ya zo da wasu 'yan kabu-kabu suka zauna a rumfar. Nomau yana durƙushe a kan tayar wata babbar mota, ƙarfen cire taya a hannunsa. Hira ta kai ga wasan, sai Alkasum ya ce:

“Ai yanzu Yaya Nomau ya zama namiji. Da ba a ƙone masa kabewar nan da ya jera a bayan tankin ruwa ba, da har yau yana can yana ban ruwa.”

Nomau ya ɗago kai. Bai taɓa nuna wa kowa bayan tankin ba.

“Wa ya gaya maka a nan na jera su?”

Alkasum ya dubi abokansa, dariya ta ƙwace masa. “To, ni ne. Ni ne mai jar hula! C'est un jeu, Yaya, wasa ne kawai. So nake ka fito mu yi yawo tare. Da ka ga yadda kake birgima...”

Bai ƙarasa ba. Nomau bai san lokacin da ya miƙe ba. Alkasum ya ɗaga hannun hagu don ya kare fuska, ƙarfen ya sauka a kai, aka ji ƙas kamar an taka busasshen kara. Bugu na biyu ya same shi a gefen kai, ya tsaga fatar daga gira zuwa kunne. Ya faɗa kan bahon baƙin ruwan da ake gwada tayoyi a ciki, bahon ya kife a kansa. Nomau ya sake ɗagawa, mutum uku suka rataya a hannunsa, wani direba ya shaƙe shi ta baya har suka zube tare.

Da ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara ji shi ne ƙarnin jini. Wasan ba shi da wari. Ƙashi fari ya huda fatar hannun Alkasum ya leƙo, jini yana bulbula daga goshinsa yana shiga ido, ƙafafunsa suna shure ƙasa, yana kiran innarsa da wata siririyar murya irin ta yara. Nomau ya juya ya yi amai a gindin rumfa. Sannan ya cire rawaninsa ya ɗaure kan, ya sungumi Alkasum, aka tsayar da mota suka nufi asibiti. Duk hanya yana riƙe da shi a ƙirji yana cewa, “Alkasum, kar ka rufe ido, dube ni.”

Daga asibiti aka wuce da Nomau komisariya, ofishin 'yan sanda, ya yi kwanaki a tsare. Dattawan unguwa suka shiga tsakani. Biba, mahaifiyar Alkasum, ita ce ta ce a sake shi, don ba ta son a ce ɗanta ya ɗaure mai iyali. Da Nomau ya je gidanta ya durƙusa, ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ta dube shi ta ce: “A kan me? Faɗa mini a kan me, in ji da kunnena.” Ya buɗe baki, ya rasa yadda zai faɗa wa tsohuwa cewa a kan kabewar da ba a ci ne. Ta ce ya tashi ya tafi.

Hannun ya ɗoru, amma a karkace. Yatsu biyu ba sa lanƙwasawa, Alkasum ba ya iya damƙe kan babur yadda ya kamata, sai ya ba ƙanensa babur ɗin, shi ya koma sayar da gilasan ido da rawuna a bakin tasha. Ya ce ya yafe, kuma in sun haɗu suna gaisawa, amma bai sake zama a rumfar ba.

Nomau ya ba Zuwaira babbar wayar, ya koma riƙe ƙarama mai maɓallai. Ba ya ɓoye cewa yana kewar wasan. Yakan ce har yanzu bai ga wuri mai kyan wannan kwarin ba, kuma wani lokaci yana cikin aiki sai ya ji yatsunsa suna motsi da kansu. Ya koma mai shiru fiye da da, direbobi kuma sun daina zaginsa, abin da ba ya jin daɗinsa ko kaɗan.

Kwanan baya tayar babur ɗin ta sace a daidai gaban rumfarsa, ƙanen yana tuƙi, Alkasum a baya. Nomau ya miƙe ya ɗauko famfo. Alkasum ya ɗaga masa hannun dama, ya ce, “Sannu da aiki, Yaya,” sannan suka tura babur ɗin suka tsallaka titi, wurin wani mai facin.