Sulen da Matarsa Ke Son Hudawa

Ku daina cewa babban abokin gabar mai tara tsoffin sulallan zinariya shi ne attajirin da ke ƙara masa farashi a wurin gwanjo. Ƙarya ne! Ku dubi wannan bawan Allah a layin gaba.

Siriri ne, wuyan rigarsa ya koɗe, amma safar hannunsa fara sol. Ya kafa gilashi a ido ɗaya yana leƙen wani sule na shekaru aru-aru. Fuskar sarkin da ke jiki duk ta goge, hanci kawai ya rage. Ko numfashi ba ya yi kusa da shi, wai kar tururin baki ya ɓata tarihi. Daga gani, ko 'ya'yansa bai taɓa yi wa irin wannan kallon ba.

Mai gwanjo ya buga guduma, sule ya zama na bawan Allahn nan. Sai murna yake, kamar an yi masa haihuwa.

Sai matarsa, wadda tun ɗazu take hamma, ta miƙo wuya.

"Baban yara, ashe kyakkyawa ne. Maƙeri ya huda min shi ta wajen hancin nan, in sa a sarƙa."

"Huda? Wannan fa yaƙe-yaƙe ya tsallake!"

"To, ya tsallake ni mu gani. Na san inda kake ɓoye makullin durowa."

Ga shi nan ya rungume ɗan akwatin sulen a ƙirji, gumi na tsiyaya. Shi ya ci gwanjo, shi ke neman kuka.

Kar ku min shiru, ku yanke hukunci: wuyan matar gida, ko duhun durowa?