Maddar da Kamfani Ya Datse

Zuwaira Sabo ba ta da yawan magana, kuma ba ta cika yarda da mai yawan magana ba. A Doka, cikin Kaduna, aka haife ta, gidan wani akawun ma'aikata da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan keken rubutu. Aikin yatsu ta gada a wurinsa. Shekara tara ta yi a wani shagon buga takardu a Kawo, tana buga wa mutane takardun neman aiki, in babu kowa sai ta buɗe kwamfuta ta koyi rubuta manhaja. Da aure ya kai ta Hayin Banki, ta ware lungu a falonta, ta ajiye tebur da fanka, nan ya zama ofis.

Manhaja ɗaya ta yi wadda ta tsaya da ƙafarta. Zaure ta sa mata suna. Malaman Alƙur'ani ke amfani da ita suna karɓar karatun ɗalibai daga nesa: ɗalibi ya kira, ya biya, malami ya gyara, manhajar ta riƙe shafin da aka tsaya.

Ba Zuwaira ke ɗaukar murya daga waya zuwa waya ba. Wannan aikin wani babban kamfanin kira ta intanet ne na ƙasar waje. Kamfanin kan ba masu rubuta manhaja na waje wata doguwar lambar sirri da ake kira mabuɗi, da ita manhajarka ke shiga layinsu. Ginin naka ne, fili nasu. Wanda ya bi ƙa'idojinsu sau da ƙafa, sukan ba shi tambarin amintaccen abokin tarayya, su sa sunansa a shafinsu. Shekara biyu Zuwaira ta yi tana cike takardu da amsa tambayoyi kafin ta samu. Tambarin nan ne ya sa makarantun Islamiyya da ba su san ko wace ce ita ba suka fara nemanta. Ba ta da wani talla sai shi.

Matsalar a Rafin Guza ta ɓullo, wurin Malama Hasiya, wadda ta fara karɓar Zaure tun ba a san shi ba. Cikin ɗalibanta akwai Hajiya Aminatu, tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati da ta koma Abuja wurin ɗanta, ta ɗauki gyaran karatu bayan ritaya. Mako uku Malama na tsare da ita a shafi ɗaya. Laifin kullum guda: ba ta cika madda, wato jan wasalin da ake yi a karatu har ƙirga shida. A uku take yankewa. Ranar wata Asabar Hajiya ta gaji, ta hau mota ta zo da kanta. Malama ta aika a kira Zuwaira.

"Zauna, 'yar nan, ki ji abin mamaki," in ji Malama. "Hajiya, maimaita."

Hajiya ta gyara tabarau ta biya. Maddar ta tafi sumul, ta cika shida, ta sauka.

"Haka nake yi tun farko, Malama. Har na fara zargin kunnenki."

"Ni kuma na fara zargin haƙoranki. To ke Zuwaira, tsakanin bakinta da kunnena wa ke zaune?"

Zuwaira ta miƙe. Ta tura Hajiya tsakar gida da waya, ita ta zauna a ɗaki da ɗaya wayar, ta ce a sake. Muryar na zuwa ƙirga uku ta dushe, kamar an toshe bakin mai karatu da tafin hannu.

Kwana biyu ta yi tana tono kafin ta gano. Kamfanin ya sabunta matatar sautinsa, abin da ke share ƙarar janareto da fanka don a ji magana tas. Ita matatar, duk sautin da ya miƙe bai canja ba, ƙarar inji take ɗaukarsa. Ba ta san madda ba. Gunna ma, sautin nan na hanci, haɗiye shi take yi. Akwai hanyar kashe ta, layi ɗaya ne a rubuce, amma sabuwar yarjejeniya ta ce mai tambari ba ya kashewa, don kada kira mai hayaniya ya ɓata wa kamfani suna.

Ta rubuta musu sau huɗu. Sau huɗu ana gode mata, ana ce mata abokiyar tarayya mai daraja. A na biyar aka haɗa ta da Fahad, wakilinsu mai kula da abokan tarayya na wannan yanki, ɗan Kaduna ne da ke zaune a Legas.

"Hajiya Zuwaira, na fahimce ki sarai. Ni ma na yi Islamiyya."

"To ja mini madda ta wayar nan in ji."

Ya yi dariya. "An shigar da ƙorafinki. Zai shiga jerin gyare-gyare, wataƙila baɗi."

"Baɗi. Malamai arba'in da ɗaya ke kan Zaure, Malam Fahad. Kowannensu yana can yana kama ɗalibi da laifin da bai yi ba. Wani ma ya fara koya wa ɗalibinsa ja fiye da kima don ya ji ta cika. Karatun Alƙur'ani ake lalatawa."

"Ki ce su riƙa ɗan kaɗa murya, matatar ba za ta kama ba."

"Wato a canja tajwidi saboda injinku."

"Ba haka nake nufi ba. Amma in kika kashe, injin zai gani da kansa. Mabuɗinki zai ci gaba da aiki, tambarin ne za a cire, sunanki ya fita daga shafi. Ba a mayarwa. Ki yi tunani, shekara biyu fa."

"Kuna kirana abokiyar tarayya. A garinmu abokin tarayya ana shawara da shi kafin a canja ƙofar shago. Ni 'yar haya ce, ku riƙa faɗin gaskiya."

"Hajiya, ki bar shi zuwa Litinin."

"Akwai darasi gobe da hantsi."

Ta ajiye wayar. Maigidanta Balarabe, makanike ne, ya shigo cin abincin rana ya tarar da ita ta ƙura wa kwamfuta ido. Ta gaya masa a taƙaice. Ya wanke hannu, ya ce, "Makarantu ukun da kike jira su karɓi Zaure fa?"

"Za su tafi."

"To."

Ba ta nemi fiye da haka ba. Ta rubuta layin, ta gwada, ta tura sabuntawar ga kowa. Sannan ta buɗe fuskar manhajar ta goge tambarin da hannunta, ba ta jira su cire ba. Kafin la'asar saƙon kamfanin na cire sunanta ya iso, cike da ladabi. Biyu daga cikin makarantun suka janye a makon. Ta uku ta yi shiru, har yau.

Washegarin sabuntawar da hantsi tana Rafin Guza, zaune a gefen tabarmar Malama Hasiya. Kiran Hajiya Aminatu ya shigo daga Abuja. Da shi aka jiyo janareton maƙwabta, da kukan jika, da wani yana kwankwasa ƙofa. Malama ta yamutsa fuska.

"Wannan kasuwa ce ko gida?"

"Haka zai zama daga yau, Malama," in ji Zuwaira. "Komai za ki ji."

Hajiya ta fara biyawa. Malama ta runtse ido, tana naɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya a kan gwiwarta. Yatsun hannu ɗaya suka ƙare, ta ƙara babban yatsan ɗaya hannun, muryar na nan ba ta yanke ba.

"Juya shafi, Hajiya," ta ce. "Kuma a ba yaron nan nono, yana hana ni ji."