Ɗigon Jan da Malam Ba'ana Ya Bari

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da yammacin Alhamis, 12 ga Maris, 1987, labari ya same ni a gida a unguwar Mairi cewa motar hayar da Malam Ba'ana ya shiga daga Jos ta kife tsakanin Potiskum da Damaturu, kuma yana cikin waɗanda suka rasu. Aikina ne ya kai shi kan wannan hanya.

Malam Ba'ana, shekara goma sha ɗaya kana haɗa hotunan majigi a sashenmu na jami'a. Mu malamai mu tsaya gaban jama'a a tafa mana, kai kana can bayan ɗaki da na'ura, ana ce maka "na gaba" kana dannawa. Kowane hoto sai ka sa shi cikin ɗan kwalinsa, ka rubuta lamba, ka ɗiga jan tawada a kusurwa guda, don mai haskawa ya san inda zai ɗora babban yatsa kada hoto ya fito a kife. Mun sha yi maka dariya a kan ɗigon nan. Ka kan ce, "Dakta Aisa, ranar da kifinki ya fito ciki sama, ba ni za a kalla ba."

Da na fara bincike a kan ƙwarin da ke cinye bandar kifi, kai ka raka ni Kasuwar Kifi ta Baga Road. 'Yan kasuwa sun ƙi a ɗauki hoton kayansu, sai da ka zauna ka yi ta hira da su da Kanuri har suka buɗe mana kwalaye da hannunsu. Kwana uku rigarka tana warin kifi.

Masu shirya taron Jos, inda zan gabatar da bincikena, sun rubuto cewa duk wanda hotunansa ba su iso ba kafin ranar Laraba, za a cire sunansa. Ka gama ashirin da huɗu tun da sauran wata guda. Ni na ce hoto na tara bai fito sarai ba, a sake. Ka ce, "Dakta, Kano ake wanke fim ɗin nan, lokaci zai ƙure." Na nace. Da hoton ya dawo saura kwana biyu, ga gidan waya ba ya kai saƙo Jos ƙasa da kwana goma. Na zauna ina kuka a ofis saboda aikin shekara huɗu. Ka ɗauki akwatin hotunan ka sa a jaka, ka ce da ni in je in ci abinci.

A aljihunka aka sami 'yar takardar da suka ba ka: an karɓa, ashirin da huɗu, a jere. Ya Kellu, matarka, ita ta miƙo mini a gidan makoki a unguwar Lamisula. Ba ta faɗa mini magana mai zafi ba, kuma da ta faɗa da na fi samun sauƙi.

Ana ta ce mini kwana ne ya ƙare. Na yarda, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Na sake duba tsohon hoto na tara jiya, wanda na raina. Babu abin da ya same shi.

Allah ya jiƙanka, Malam Ba'ana, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba Ya Kellu da 'ya'yanka, Madu da Hassana, haƙurin da ni na rasa, su kuma su yafe mini.

Sunana yana cikin jerin masu magana ranar Talata mai zuwa. Hotuna za su fito a miƙe, na sani. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan buɗe baki sau ashirin da uku in ce "na gaba", alhali wani ne a bayan ɗakin.