Ranar da Mai Fito Ya Kifar da Jirginsa

Shekara arba'in Mai Fito ya yi yana yanka kogin nan da filafili, har tafin hannunsa ya yi kanta, ya koma kamar ƙasan jirgin. Ya haye da masu jego, ya haye da gawa, ya haye da awaki suna ta kururuwa, bai taɓa jiƙa wa kowa ko bakin zane ba. Shi da ƙanensa suke aikin: yaya a baya yana tuƙi, ƙane a gaba yana kwarfe ruwa yana zuba surutu.

Ranar da 'yan tawaye suka ƙone kasuwa, tun da sassafe su biyun suke kwashe mutanen gari zuwa ƙetare. A sawu na tara suka kai matarsa da jikokinsa. Da suka dawo ɗaukar wata tsohuwa da ta rage, sai suka tarar da ita kwance a mashaya, jininta yana bin yashi yana neman ruwa. 'Yan tawaye goma sha biyu na tsaye a kanta.

"Tsoho, haye da mu," in ji kwamandansu. "Akwai waɗanda ba mu gama gaisawa da su ba."

"Ranka ya daɗe, jirgin ya gaji, yoyo yake."

 Kwamanda ya juya ya harbi ƙanen a wuya. Bakin nan da ba ya rufuwa ya tsaya a buɗe.

"To, ya rage nauyi. Shiga."

Mutanen tudu ne, ba su san ruwa ba. Don tsoron kada bindiga ta suɓuce, kowa ya ɗaure tasa a jiki, ya tamke ɗamarar harsasai, ya ƙara jan igiyar takalmi. Mai Fito bai taɓa barin fasinja ya shiga da kaya ɗaure a jiki ba. Ranar nan ya gani, ya haɗiye gargaɗinsa.

"Baba, a hankali fa," wani dogo ya ce, yana dariyar tsoro. "Ni ko a bokiti sai in nutse."

"Zauna daram, ɗana."

A tsakiya, inda ruwa yake baƙi yana juyawa, ya hango matarsa a gaɓa, goye da ɗaya, riƙe da biyu, ba ta da ƙafar gudu. Ya kafa filafili, ya bai wa igiyar ruwa haƙarƙarin jirgin, ya taka gefensa da duk nauyinsa. Harsashin kwamanda ya farfasa masa kafaɗa, sannan kogi ya rufe bakin kowa.

A ƙasa wani ya cafke masa ƙafa. Dogon nan ne, idanunsa a waje. Mai Fito ya tattake masa fuska har yatsun suka saki. Ƙarfe ya ja su ƙasa, su duka.

Matarsa ce ta jawo shi daga cikin ciyawa, hannun dama yana reto, kuma bai sake ɗaga shi ba har ya tsufa.

"Ina ƙanen naka?" ta ce.

Ya nuna waccan gaɓar da hagu. Babu sauran jirgi a kogin. Kwana uku yana zaune a yashi, yana kallon ungulai suna sauka.