Waƙar Inna ta tsaya a baitin farko

Shekarun baya, jikata da ke jami'a ta zo gidana a Ƙofar Marke riƙe da waya. An ce su ɗauko tsohuwar waƙar baka. Ta san mahaifiyata ta bar mana doguwar waƙar wa'azi da mata kan rera a gidanmu lokacin kaɗin auduga. Ni ban taɓa shiga aji ba, da ka na riƙe ta.

Ta zauna tana jera mani sunaye: layi guda ɗango ne, tarinsu baiti, sautin da ke faɗowa a ƙarshe amsa-amo. Na ce, "To malama, ashe na tsufa ina rera abin da ban san sunansa ba."

Ta ce, "Tsohuwa, rage surutu ki ja mu tafi. Amshin nan maimaici ne, tsallake shi."

Na harare ta, na gyara zama, na rera baitin farko lafiya lau. Sai na tsaya. Baki buɗe, babu abin da ya zo.

A nan na gane abin da ban taɓa lura da shi ba, ni da ake cewa komai ba ya wuce idona. Inna raba mana aiki ta yi: ni ke bayarwa, ƙanwata ke amshi. A wutsiyar kowane amshi takan jefo mani kalmar farko ta baiti na gaba, in cafe in wuce. Gangar jikin waƙar na wurina, kawunan na wurinta. Ƙanwar tawa kuwa Allah Ya riga Ya karɓi abinSa, kuma tun rasuwarta ban sake rerawa ba.

Jikata ta ce ita za ta amsa. Na koya mata, ta amsa daidai, ta kai ƙarshe ta dube ni.

"Kaka, mi ke biye?"

"Ke nike jira ki gaya mani."

Munka je har unguwar Gawon Nama wurin wata tsohuwa da ta zauna da mu a da. Amshin kawai ta tuna, shi ma ba wutsiya.

Baiti guda yarinyar ta kai makaranta. Ta ce malaminsu ya yaba amsa-amonsa, ya tambayi sauran.

Sauran na nan cikina, na sani. Wani lokaci ina tsintar shinkafa sai ɗango ya faɗo, ban san gabansa ba, ban san bayansa ba. Na daina sa rai. Amma har yau in na rera baitin nan, sai na tsinci kaina na juya hagu, inda ƙanwata kan zauna, ina jira.